Sabunta hoton rumbun bayanai

Sabunta hoton rumbun bayanai aiki ne da masu kula da kwamfutocin manyan ma'aikatu suke yi, inda ake maye gurbin tsohon kwafin rumbun bayanai da sabo, wanda aka ɗauko daga rumbun da ake aiki da shi a halin yanzu. Na'urar ajiya ce take ɗaukar abin da ake kira hoto, ko sinafshot a bakin ma'aikatan fannin, wato yanayin da bayanan suke a wani takamaiman lokaci, sannan a gina kwafin a kansa. Saboda ba a juye bayanan ɗaya bayan ɗaya, aikin da a da yake cin awanni yakan ƙare cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna.

Bankuna, kamfanonin sadarwa, manyan asibitoci da hukumomin gwamnati suna amfani da irin waɗannan kwafi wajen gwada sababbin manhajoji, fitar da rahotanni, horar da ma'aikata da binciken kurakurai, ba tare da an taɓa rumbun da jama'a suka dogara da shi ba. Kwafin yana tsufa kullum domin rumbun asali yana ci gaba da canzawa, shi ya sa ake sabunta shi lokaci zuwa lokaci. Sabuntawa tana goge duk abin da yake cikin tsohon kwafin, kuma tana kwaso bayanan mutane na gaske zuwa wurin gwaji. Daga waɗannan abubuwa biyu ne mafi yawan haɗarin aikin yake fitowa.

Ma'anar kalmomi

Rumbun bayanai tarin bayanai ne da aka tsara, wanda wata manhaja take kula da shi, kamar Oracle, SQL Server, PostgreSQL ko MySQL. Na'urar ajiya ta manyan ma'aikatu akwati ce mai ɗauke da faya-fayan ajiya masu yawa da kwamfutocin da suke sarrafa su, kuma sabar da dama suna haɗuwa da ita ta hanyar sadarwa mai sauri. Na'urar tana raba sararinta kashi-kashi, kowane kaso yana bayyana ga sabar tamkar faifai guda.

Ana rubuta bayanai a kan kaso cikin ƙananan gutsattsari masu girma ɗaya, waɗanda za a iya kira tubala. Rumbun bayanai ma yana da nasa ma'aunin: shafi ɗaya a SQL Server da PostgreSQL kilobait 8 ne, haka ma a Oracle idan ba a canza saitin ba, a injin InnoDB na MySQL kuwa kilobait 16. Na'urar ajiya tana riƙe da taswira da take nuna inda kowane tubali yake. Rumbun da ake hulɗa da jama'a da shi ana kiran sa rumbun aiki ko rumbun asali, sauran kuma rumbunan gwaji ne ko na rahoto.

Tarihi

Kafin shekarun 1990 hanyar da aka fi sani ta samun kwafin rumbu ita ce a juye shi a kan kaset na maganaɗisu, sannan a sake juye shi a kan wata kwamfuta. A shekarar 1992 David Hitz, James Lau da Michael Malcolm suka kafa kamfanin Network Appliance a Amurka, wanda daga baya ya koma NetApp. Tsarin fayil ɗinsu mai suna WAFL, wanda aka gabatar da bayaninsa a taron USENIX na shekarar 1994, ba ya rubuta sabon bayani a kan tsoho, don haka ɗaukar hoto ya zama adana tsohuwar taswira kawai. Kamfanin EMC ya fito da TimeFinder a ƙarshen shekarun 1990, wanda yake yin cikakken kwafin kaso a cikin na'ura ɗaya sannan a raba su, IBM kuma ya fito da FlashCopy.

Microsoft ya sanya hidimar VSS a cikin Windows XP da Windows Server 2003 domin manhajoji su iya shirya kansu kafin a ɗauki hoto. Fitowar Data ONTAP 7G na NetApp ta zo da FlexClone, wato kwafin da ake iya rubutu a kansa alhali yana raba tubala da asalinsa. A shekarar 2005 kamfanin Sun Microsystems ya saki ZFS, wanda ya kawo wannan dama ga masu amfani da manhajoji na kyauta. SQL Server 2005 ya zo da nasa hoton na cikin gida, sai dai na karantawa ne kawai, kuma ya dogara da rumbun asali a kan sabar ɗaya. Kamfanin Dell ya kammala sayen EMC a shekarar 2016. A yau kusan kowace babbar na'urar ajiya, ta Dell, NetApp, IBM, Hitachi, HPE, Huawei ko Pure Storage, tana ɗaukar hoto, haka ma masu ba da hayar ajiya ta intanet kamar Amazon da Microsoft.

Yadda hoto yake aiki

A lokacin da aka ɗauki hoto, kusan ba ya cin wani sarari, domin shi da kason asali suna nuni ga tubala iri ɗaya. Bambanci yana farawa ne idan an canza wani tubali. Akwai manyan hanyoyi biyu.

Ta farko ita ce kwafi kafin rubutu. Idan za a canza tubali a karo na farko bayan ɗaukar hoto, na'urar tana karanta tsohon, ta ajiye shi a wani keɓaɓɓen wuri, sannan ta rubuta sabon a gurbinsa. Rubutu ɗaya ya zama aiki uku ke nan, kuma hakan yana iya rage saurin rumbun. Tsohon tsarin hoton LVM na Linux da hoton cikin gida na SQL Server suna bin wannan hanya.

Ta biyu ita ce karkatar da rubutu. Ana rubuta sabon bayanin a wani wuri da ba kowa, a gyara taswirar kason asali ta nuna can, shi kuwa hoton ya ci gaba da nuni ga tsohon tubalin. WAFL da ZFS da yawancin na'urorin zamani haka suke yi. Wannan ne ya sa ake iya tara hotuna masu yawa: a tsarin ONTAP kaso ɗaya yana ɗaukar hotuna 255, kuma daga fitowa ta 9.4 aka ɗaga adadin zuwa 1,023.

Lissafi mai sauƙi yana nuna amfanin abin. Rumbu mai terabait 2, idan za a juye shi ta layin sadarwa mai gigabit 1 a daƙiƙa, wanda iyakarsa megabait 125 ne a daƙiƙa, zai ci daƙiƙa 16,000, wato kusan awa huɗu da rabi, ko da babu wata tangarɗa. Kwafin kuma zai cinye wasu terabait 2 ɗin. Ta hanyar hoto kuwa taswira ce kawai take canzawa. Idan kashi 3 cikin ɗari na wannan rumbu yana canzawa a kullum, hoton zai riƙa girma da kimanin gigabait 60 a rana, ya kai kusan 420 a mako idan canjin yana faɗawa kan sababbin tubala kullum.

Daidaiton bayanai

Na'urar ajiya ba ta san ma'anar abin da yake cikin tubala ba. Rumbun bayanai yana riƙe wasu canje-canje a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta sabar kafin ya sauke su a faifai, don haka hoton da aka ɗauka ba shiri yana iya kama aiki a tsakiya. Misali, mai saye ya tura wa ɗan kasuwa naira 50,000 a banki ɗaya. Aikin kashi biyu ne: a cire kuɗin daga asusun mai saye, a ƙara a asusun ɗan kasuwa. Idan kwafi ya ƙunshi kashi na farko ba tare da na biyu ba, lissafinsa ba zai daidaita ba.

Abin da yake hana wannan shi ne kundin ma'amaloli. Rumbunan zamani suna rubuta kowane canji a kundin kafin su taɓa fayilolin bayanai. Idan rumbu ya tashi bayan katsewa, yana bin kundin ya kammala ma'amalolin da aka tabbatar, ya warware waɗanda ba su ƙarasa ba. C. Mohan da abokan aikinsa a IBM sun wallafa sanannen tsarin wannan farfaɗowa mai suna ARIES a shekarar 1992. Bisa wannan ake raba hotuna gida uku:

1. Hoton rumbu a kashe. Ana tsayar da rumbun gaba ɗaya sannan a ɗauki hoto. Shi ne mafi aminci, amma ba ya yiwuwa ga banki ko kamfanin waya da suke aiki dare da rana.

2. Hoton ba-zata. Ana ɗauka rumbun yana tsakiyar aiki, kuma kwafin yana tashi tamkar kwamfutar da aka ɗauke wa wuta. Yana aiki muddin an kama fayilolin bayanai da kundin a daƙiƙa ɗaya. Idan suna kan kaso daban-daban, dole a haɗa su a rukuni guda domin na'urar ta ɗauke su tare.

3. Hoton da aka shirya wa. Ana sanar da rumbun tukuna. A Oracle ana ba da umarnin ALTER DATABASE BEGIN BACKUP kafin hoto da END BACKUP bayansa. A PostgreSQL akwai pg_backup_start, wanda kafin fitowa ta 15 a shekarar 2022 ake kira pg_start_backup. A MySQL akwai FLUSH TABLES WITH READ LOCK. A Windows, VSS yana sa manhajoji su dakata na abin da bai wuce daƙiƙa 60 ba, kuma ɗaukar hoton kansa ba ya wuce daƙiƙa 10, in ba haka ba a soke aikin. SQL Server 2022 ya ƙara umarnin dakatar da rubutu kai tsaye domin ɗaukar hoto ba tare da VSS ba.

Matakan sabuntawa

Sunayen umarni sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma jerin aikin kusan ɗaya ne.

1. A sanar da masu amfani da rumbun gwaji, a fitar da duk abin da suke son ya tsira, kamar sababbin tsare-tsaren da suka rubuta da izinin shigarsu.

2. A tsayar da rumbun gwaji, a cire kasonsa daga sabar. Idan aka canza tubala a ƙarƙashin sabar da take ganin faifan yana nan yadda ta san shi, tsarin fayil yana lalacewa.

3. A ɗauki hoton tsohon kwafin, domin a samu wurin komawa idan aikin ya ci tura.

4. A shirya rumbun asali, a ɗauki hoton dukkan kasonsa tare, sannan a sake shi nan take.

5. A maye gurbin kason gwaji da sabon hoton. Wasu na'urori suna rubuta hoton a kan kason da yake akwai, wasu kuma ana rushe tsohon kwafin a gina sabo.

6. A mayar da kason ga sabar gwaji. Kwafin yana zuwa da lambar shaida iri ɗaya da ta asali, don haka wani lokaci sai an canza ta kafin sabar ta karɓe shi.

7. A tayar da rumbun ya farfaɗo daga kundinsa, a canza masa suna da lambar shaida. A Oracle ana yin wannan da manhajar DBNEWID.

8. A toshe hanyoyin da suke fita waje, a canza kalmomin sirri, a ɓad da kamar bayanan mutane.

9. A gwada rumbun, sannan a buɗe wa masu amfani da shi.

Yawancin ma'aikatu suna rubuta waɗannan matakai a matsayin jerin umarni da yake gudana da kansa, sau da yawa da dare ko a ƙarshen mako.

Haɗura

Kuskure mafi muni shi ne juya alkibla, wato a rubuta kwafin gwaji a kan rumbun asali. Umarnin da yake sabunta kwafi cikin daƙiƙu shi ne zai shafe rumbun aiki cikin daƙiƙu idan aka sauya sunayen kaso biyu. Shi ya sa ake raba izini, ta yadda asusun da yake sabuntawa ba shi da ikon rubutu a kan kason asali.

Na biyu shi ne kwafin da yake ɗaukar kansa a matsayin asali. Yana tashi da dukkan ayyukan da aka tsara a rumbun aiki, kamar tura saƙon tes ga abokan hulɗa, aika takardar albashi ko tuntuɓar wata ma'aikata. Idan ba a kashe su ba kafin a tayar da shi, mutane suna iya samun saƙon cire kuɗi sau biyu.

Na uku shi ne cikar sarari. Tsohon hoton da aka manta da shi yana ci gaba da riƙe tubala. A tsohon tsarin LVM, hoton da wurinsa ya cika yana lalacewa baki ɗaya, a wasu na'urori kuma cikar wurin ajiya tana hana rumbun asali ma yin rubutu. Haka nan kwafin yana raba faya-fayai da asali, don haka rahoto mai nauyi a kan kwafi yana iya rage saurin rumbun aiki.

Na huɗu shi ne ɗaukar hoto a matsayin kwafin ko-ta-kwana. Hoto yana zaune a na'ura ɗaya da asalinsa, idan na'urar ta ƙone ko ta lalace duk suna tafiya tare. A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiyar bayanai na kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa, kuma wasu abokan hulɗar da kwafinsu yake wuri ɗaya da asalin sun rasa bayanansu. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce ta 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ajiya biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Masu kutsen da suke garkuwa da bayanai domin neman kuɗin fansa sukan fara da goge hotuna, saboda haka na'urori da dama yanzu suna da hoton da ba ya goguwa sai wa'adinsa ya cika.

Duk da haka hoto ya taɓa ceton ma'aikata. A ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge kimanin gigabait 300 na rumbun asali bisa kuskure, yana zaton yana kan sabar ta biyu ne. Sauran hanyoyin ajiyar kamfanin ba su yi amfani ba. Abin da ya rage shi ne hoton LVM da aka ɗauka kusan awa shida kafin nan domin sabunta rumbun gwaji. Dawo da bayanan daga can ya ci kimanin awa 18, kuma an rasa aikin waɗannan awanni shida, ciki har da asusun sababbin masu amfani kusan 700.

Sirrin mutane da dokar Najeriya

Kwafin da aka sabunta yana ɗauke da duk abin da yake cikin asali: sunaye, lambobin waya, lambar BVN da ta NIN masu alƙaluma 11 kowacce, ragowar kuɗin asusu ko tarihin rashin lafiya. Rumbun gwaji kuwa yawanci mutane da yawa ne suke shigarsa, har da 'yan kwangila daga waje, kuma tsaronsa bai kai na asali ba. Maganin wannan shi ne ɓad da kama, wato a maye gurbin sunaye da lambobi na gaske da na bogi masu siffa iri ɗaya kafin a buɗe kwafin.

Hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanai ta NDPR a shekarar 2019. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ba ta cire rumbun gwaji daga cikin abin da ta shafa ba. Ta wajabta a sanar da hukumar cikin awa 72 idan an samu ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan. Ga manyan masu riƙe bayanai tara tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa, ga sauran kuma naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari.

A Kano

Mazauna cikin birnin Kano suna hulɗa da waɗannan rumbuna kullum ko da ba su taɓa ganin su ba. A Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ciniki da yawa yanzu ta hanyar tura kuɗi da na'urar POS ake yin sa. Wannan ya ƙaru bayan da Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000 a watan Oktoban 2022, abin da ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023. Kowane ciniki irin wannan yana zama ma'amala a rumbun banki ko na kamfanin biyan kuɗi, kuma tura kuɗi tsakanin bankuna yana bi ta tsarin NIP na kamfanin NIBSS, wanda ya fara aiki a shekarar 2011. Duk lokacin da banki ya sabunta rumbun gwajinsa, bayanan waɗannan 'yan kasuwa suna cikin abin da ake kwafa.

Yawancin manyan cibiyoyin ajiyar bayanai na kasuwanci a Najeriya suna Legas, kamar Rack Centre da cibiyoyin MainOne, wanda kamfanin Equinix na Amurka ya saya a shekarar 2022. A ɓangaren gwamnati, Galaxy Backbone, kamfanin gwamnatin tarayya da aka kafa a shekarar 2006, yana da cibiya a Abuja, kuma ya gina wata a Kano domin ta zama madogara idan ta farko ta samu matsala. Tazarar fiye da kilomita 400 ta hanyar mota tsakanin biranen biyu ita ce irin kariyar da hoto shi kaɗai ba ya bayarwa. Ana iya tura hotuna daga na'ura ɗaya zuwa wata a wani gari, ana aika tubalan da suka canza kawai, sannan a riƙa sabunta rumbunan gwaji daga na'ura ta biyu domin a rage wa ta farko nauyi.

Wutar lantarki tana daga cikin abubuwan da masu tsara irin wannan aiki a Arewa suke la'akari da su. Kamfanin KEDCO ne yake raba wuta a jihohin Kano, Katsina da Jigawa, kuma a watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe sama da mako guda babu wutar layin ƙasa. Cibiyoyin ajiya suna dogara da janareto da batura, kuma manyan na'urorin ajiya suna da hanyar kare rubutun da bai sauka a faifai ba idan wuta ta yanke. Idan katsewa ta faɗo a tsakiyar sabuntawa, rumbun asali yana farfaɗowa daga kundinsa, kwafin gwaji kuma ana mayar da shi kan hoton da aka ɗauka a mataki na uku, ko a sake aikin daga farko.